Ƙwan da Alhaji Ya Kankare

Abin nan ya faru da ni ne shekara biyar da suka wuce, a nan Greensboro inda nake aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba, wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ruwansa. Ni ɗan Yauri ne, jikan Sarkawa, a bakin ruwa na buɗe ido, shi ya sa da na zo ƙasar nan na tarar ana koyar da nutso da tukunyar iska a baya ban yi wata-wata ba na shiga, na karɓi takardata, duk lokacin zafi kuma sai in tuƙa mota awa uku da ɗoriya zuwa bakin teku, in bi jirgin masu nutso mu je kamun lobsta.

Ga wanda bai san lobsta ba, kamar jatan lande ce da ta ci ta ƙoshi, wata ta kai tsawon hannunka, da dogayen gashin baki biyu, tana ɓuya a kogon duwatsun ƙarƙashin teku. Kamun nata da doka. Biyu kacal aka yarda mutum ya ɗauka a rana, dole kana da ma'auni ka auna bayanta tun kana cikin ruwa, in bai haura inci uku ba ka sake ta, ba a soka mata mashi, uwa uba kuma macen da ke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin jelarta ba a taɓa ta, kankare ƙwan ma laifi ne mai zaman kansa. Ni wannan ta ƙarshen ba Bature ya koya mini ba. Kakana da bai san ko bihim ba, in ya ga kifi mai ƙwai a komarsa mayar da shi yake yi, ya ce mai ciki ba a cin ta, a tudu take ko a ruwa.

To akwai wani mutum a cikin jama'armu, Alhaji Sagiru, dillalin motocin da suka yi haɗari, yana tura su gida a sayar wa bayin Allah a matsayin tokumbo. Irin mutanen nan ne da in suka ba masallaci kafet sai sun ɗauki hoto a kai. Ya sayi gida a Summerfield, unguwar masu hali a gefen garinmu, gida mai filin da za a buga ƙwallo, ya sa ranar walima, sai ya ƙudurta wai sai baƙi sun ci lobstar da ya kamo da hannunsa, don a je a faɗa. Mutumin da bai fi wata biyu da koyon nutso a wurin ninƙaya ba, ruwan da yara ke wasa a ciki, ya je ya sayi kaya sababbi fil tun daga takalmin kwaɗo har agogo, ya zo ya same ni.

"Basarke, Asabar ɗin nan za ka kai ni. I need the big ones, ka gane? Manya."

Na ce masa, "Alhaji, biyu ne fa doka."

Ya yi dariyar nan tasa ta masu kuɗi, ya ce, "Relax. Kowace doka akwai yadda ake yi da ita."

Da ina da zuciya a nan zan ce masa a'a. Amma shi ya ba ni aikin sanyin sabon gidan gaba ɗaya, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Abin da ya ƙara ɗaure ni, matarsa Hajiya Bilki aminiyar matata ce, mace mai kirki da ban san yadda aka yi ta faɗa hannunsa ba, shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, sai a lokacin Allah Ya ba ta ciki, wata shida, kowa a cikinmu yana lallaɓa maganar kamar ƙwai a cokali.

Muka tafi. Mu shida ne masu nutso a jirgin, da kyaftin, wata Baturiya mai tsare gida da ke duba jakar kowa in ya fito. Rana tsaka muka sauka, ruwa garau, ni da Alhaji muna tare. Ni na kama masa ta farko ma, don shi duk wadda ya kai wa hannu sai ta bar shi da ƙura. Can a wani kogo ya yi sa'a ya danƙo wata ƙatuwa, da ya juya ta sai na ga ƙarƙashin jelarta cike taf da ƙwai, jajaye masu ruwan lemo, dubbai a manne. Na girgiza masa kai, na yi masa nuni ya saki. Mutumin nan ya dube ni ta cikin gilashi ya cusa ta a jaka.

In za a fito daga zurfi akwai inda ake tsayawa a ƙarƙashin jirgi na ƴan mintoci, a riƙe igiya, don jiki ya daidaita. A nan ya miƙo hannu ya zare ɗan burushin da nake rataye da shi a ƙirji na wanke kaya, ya fito da lobstar, ya matse ta a cinya ya shiga kankare ƙwan da hannunsa na dama. Tir. Tana naɗe jela yana buɗewa, ƙwan na zuba cikin ruwa kamar ana sheƙe gero. Ni kuma ina riƙe da igiya ina kallo, ban ƙwace ba, wannan kunyar har gobe tana kaina.

Da na bi ƙwan da kallo zuwa ƙasa, a nan na gan shi. Wani dattijo ne a ƙarƙashinmu, tsaye cikin ruwa kamar mai tsayuwa a tsakar gida, ya haɗa tafukan hannunsa biyu yana tarbe ƙwan. Da fari na ɗauka cikin mutanen jirginmu ne, sai na lura babu tukunya a bayansa, babu gilashi a fuskarsa, kuma duk mai nutso kumfa na fita daga bakinsa, shi ko ɗigo. Ma'auni ne kawai rataye a wuyansa, irin namu, amma ya yi tsatsa. Ya ɗago ya dube ni. Innalillahi! Ban san lokacin da na saki igiya na yi sama ba.

A jirgi na tambayi kyaftin ko akwai wani jirgin kusa, ta ce mu kaɗai ne, ta ƙirga mu, shida cif. Ta duba jakar Alhaji, ya riƙe wadda ya kankare ta baya don kada ta ga ƙarƙashin jela, yana ta zuba mata surutu har ta wuce. Ya kashe mini ido. Da na ba shi labarin dattijon a mota cewa ya yi iska ce ta hau mini kai, wai mu mutanen ruwa camfi ya yi mana yawa.

Washegari Lahadi walima, bayan azahar, rana ƙwal. Motoci sun cika filin, ga shinkafa ga gasasshen rago, lobsta biyu na cikin kula a gareji ya hana a dafa, wai sai manyan baƙi sun iso a ɗauke shi hoto da su da ransu. Muna tsaye ni da shi a bakin garejin yana nuna mini inda sanyi bai kai ba, sai ga mutum ya taho a ƙasa ta hanyar shiga gidan. A Summerfield fa, inda ko kare a mota yake yawo. Kayansa sharkaf, ruwa na ɗiga, hannuwansa a haɗe a gaban ƙirji, ma'auni mai tsatsa a wuya.

Ya tsaya gaban Alhaji ya buɗe tafukan, ga ƙwan nan jajaye cike da su. Ya ce, "Ƴaƴan na tattara. Uwar nake jira."

Alhaji ya ɗaga hanci ya ce masa biyu ya kamo, doka ta ba shi biyu, in shi ma'aikaci ne ya nuna kati, in ba haka ba wannan private property ne, zai kira ƴan sanda. Dattijon ya juya ya dubi tagar bene ya ce, "Kai ma akwai mai ɗauke da kaya a gidanka."

Bai rufe baki ba muka ji salati daga cikin gida, matata ta fito da gudu ba ko mayafi tana cewa Hajiya Bilki ta faɗi, jini take zubarwa. Da muka waiwayo babu kowa, sai sawun ƙafa jiƙaƙƙe a kan siminti, ya zo bai koma ba. Wani abin kuma, ni da Hausa na ji maganarsa, Hausar Yauri tsantsa irin ta kakana, Alhaji kuwa har yau rantsuwa yake da Turanci mutumin ya yi.

Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta, matata ta bi. Kun san abin da mijin ya yi? Ya tsaya. Wai baƙi sun taso daga nesa, ba ya watsa musu ƙasa a ido, zai bi matar asibiti in an watse. Na riƙe hannunsa na ce, "Alhaji, don girman Allah mu mayar da abar nan ruwa." Ya fizge ya ce, "Are you serious? Matata na asibiti kana yi mini maganar ƙwaro?" Sannan ya juya ya ce a ɗora tukunya. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan tsayuwar ba, da babbar rigarsa da turarensa.

Yana shiga tarbar wani, na sunkuci kular na jefa a bayan motata na ɗauki hanya. Awa uku ina tuƙi ina karanta duk abin da ya zo bakina, matata na kira tana kuka, likitoci sun ce jinin ya ƙi tsayawa, a shirya wa komai. Wayar Alhaji ma na shigowa, ba don matarsa ba, ɓarawo yake kirana. Rana ta yi sanyi na isa bakin teku, na shiga ruwa da kayana har ƙugu, na buɗe kula. Ta farkon ta mutu. Uwar kuwa tana motsi da ƙyar, na sa ta a ruwa na riƙe, sai na ji an karɓe ta daga hannuna. Ba ƙwacewa ta yi ba, na san ƙwacewar lobsta, karɓa aka yi a hankali yadda ake karɓar jariri, kuma na ji yatsu masu sanyi sun shafi nawa. Ban kai mota ba matata ta kira ta ce jini ya tsaya.

Hajiya Bilki ta haihu lafiya a kan lokaci, mace, kyakkyawa, aka yi suna na gani na faɗa, Alhaji ya ɗauki hotuna ya cika duniya. Amma ku je ku duba hotunan, babu ko ɗaya da yake riƙe da ita. Tun ranar da aka haife ta, da ya kai mata hannu sai ta ƙanƙame jiki ta naɗe ta shiɗe da kuka har ta yi baƙi. Kowa yana ɗaukarta, ni ma da na tsaya kallo ranar da aka kankare ƙwan tana hawa wuyana, ban da uban. An kai ta likita, an yi rubutu, an yi sadaka mai hoto, shiru. Yanzu tana neman shekara biyar, tana gaishe shi daga bakin ƙofa, in ya matso ta ja baya. Uwar ta sha tambayar matata ko me ya haɗa su, ni kuma ban taɓa iya buɗe baki ba.

Ban san ko wane ne dattijon nan ba, ban kuma nemi sani ba. Har yau ina nutso, ma'aunina a wuya, burushi dai na daina ratayawa. Ku da kuke zuwa ruwa, in kun juya lobsta kuka ga ƙwai ku buɗe hannu, kada ku tsaya duba ko kyaftin na kallo. Rannan a filin idi na ga Alhaji tsugune da alewa a hannu yana kiran yarinyar, mutum mai gida mai filin ƙwallo, ita kuwa ta ɓoye a bayan zanen uwarta tana kallon hannun nasa na dama.