Mayafin Inna da littafin Turawan shuni

Na haura shekara arba'in kafin na shiga ajin manya na koyon karatu. Bayan La'asar nake zuwa, idan na tashi daga aikin gonar dabino a Awali, nan Madina. A shekara ta biyu na fara karanta layin Larabci ba tare da na bi shi da yatsa ba.

A lokacin ne Inna, mahaifiyata, ta fara maganar mayafi. Mahaifinta marini ne, da rini ya ciyar da su zango-zango a hanyar Sudan har suka iso Madina tana yarinya. Ta ce kafin idonta ya ƙarasa rufewa tana so ta sake ganin irin shuɗin hannunsa, ba na kanti ba. Wani alhaji ya kawo min irin baba, tsiron da ake samun shuni daga ganyensa, daga Kano. Mai gona ya ara min kusurwa ɗaya gefen rijiya, da sharaɗin in bar masa wurinsa idan lokacin dashen dabino ya yi. Baba ya fito, na yanka, na shanya. Amma ban san yadda ake haɗa tukunyar ba, Inna kuwa wari da kumfa kawai ta riƙe.

Wani ɗan Najeriya da ke aiki a saidaliyyar unguwarmu, wato shagon magani, ya ba ni littafin Larabci kan Turawan Ingila da suka yi noman baba a Indiya zamanin mulkin mallaka. Ya ce tunda masu sana'ar ne, ba za a rasa bayanin ba.

Wata huɗu na yi a kansa. Na san yadda saurayi ke sauka daga jirgin ruwa ya fara da zagaya gonaki a kan doki, ya zama manaja, ya auri 'yar wani manaja. Na san faɗin barandarsu da yadda suke farauta. Na san sun tilasta wa manoma shuka baba a inda ya kamata su shuka shinkafa, kuma daga baya rinin masana'anta ya kashe musu kasuwa. Kalma ɗaya takan cinye min kwana biyu kafin malaminmu ya warware min ita, ƙarshenta sunan kare ne. Mutanen da ke tsaye cikin ruwan baba har ƙugu suna bugunsa kuwa, layi uku aka ba su.

Nakan fassara wa Inna abin da na karanta. Wata rana ta tsayar da ni.

"Kai wannan, shi Baturen hannunsa ya taɓa yin shuɗi?"

Na ce littafin bai faɗa ba.

"To rufe shi."

Ban rufe ba, sai da na kai shafin ƙarshe. Babu awo, babu komai. Na haɗa tukunyar da ka, da tokar ganyen dabino, na yi ta juyawa har mako guda, sannan na tsoma mayafin. Mayafin ya fito fari-fari kamar sararin sama da tsakar rana, wanki ɗaya ya tafi da rabin launin.

Inna ta kai shi hancinta ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta ce yanzu ta tuna, mahaifinta ba ya zuba kowace toka sai ya ɗanɗana ruwanta a harshe ya ji ta yi kaifi. Da ma ta tuna tun baba yana nan. Ban rage ko tafi ɗaya ba, kusurwar kuma ni da hannuna na dasa wa mai gona dabino shida a cikinta.

Na mayar wa mai saidaliyya littafinsa. Ya tambaye ni ko ya yi amfani. Na ce na san Turawan sosai.