Kwamfutar da Na Ɗaure a Bara

A unguwarmu a Jega "Injiniya" ake ce mini, alhali ko fis ban taɓa canzawa ba. Abin da ya jawo mini sunan shi ne wata tsohuwar kwamfutar cinya da na saya ta hannu, sai kuma baki, wanda Allah ya hore mini. Duk wanda wayarsa ta rikice wurina yake zuwa, in kashe in kunna, ya tafi yana sa mini albarka.

Ina da wata dabara da nake taƙama da ita a majalisa. Manhajar kashe bairos da ke cikin kwamfutar ta kwana talatin ce kyauta, daga nan sai a biya. Ni kuwa da wa'adin ya kusa, sai in mayar da kwanan watan kwamfutar baya. Haka na ɗaure ta a wata guda na bara kamar akuya a turke, har na manta da na yi.

Matata ta gama kwalejin horon malamai shekara uku ke nan, takardunta na kwance a ƙasan akwati. Sai aka ce za a ɗauki malamai a Maiyama, ta intanet kawai ake nema, kuma za a rufe ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. Mako biyu tana bina.

"Malam, yaushe za mu cike takardag ga?"

"Ke, kwantar da hankalinki. Aikin minti goma na."

Ranar Alhamis da hantsi aka kawo wuta. Na kunna kwamfuta, ta nemi izinin sabunta kanta, na danna mata "to" cikin isa, kamar hakimi yana ba da fili. Ta yi awa guda tana juya wani ɗan zobe. Da ta gama na buɗe burauza, shafin neman aikin ya ƙi fitowa. Na gwada wani shafin, shi ma haka. Kowanne sai ya jefo mini gargaɗi da Turanci, wai hanyar ba ta da tsaro.

Na kashe na kunna, wato iyakar ilimina ke nan. Na share tarihin burauza. Na zargi data, na sayi sabuwa. Na zargi sabis, na hau katanga da waya a hannu har maƙwabciyarmu ta yi gyaran murya. Na hure ƙurar madannai, na ɗan mari kwamfutar a gefe. Ko gezau.

"Malam, ga shi waya tana buɗewa. Mi zai hana mu cike da ita?"

Na harare ta. "Wanga ba aikin waya ba na. Bar ni in yi tunani."

Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce. Amma a ce Injiniya ya koma dangwalar waya a gaban matarsa? Girman kai rawanin tsiya. Na saɓa kwamfuta a jaka, na buga babur sai Aliero, wurin wani mai gyara da na sha kushe aikinsa. Na tarar da shagon da kwaɗo. Mai sayar da fetur a gefe ya dube ni kamar na faɗo daga sama.

"Ya tahi gona Sabiyal. Albasa ta nuna, wa ka zama shago yanzu?"

Na dawo gida bayan wata motar albasa da ta ƙi ba ni hanya, idona na hawaye, raina a ɓace. Ana kiran la'asar na shiga. Na sake buɗe kwamfutar ina zaginta da uwar wanda ya ƙera ta. Matata ta zauna kusa da ni a tabarma, abin da na sha hana ta. Ta ƙura ido a kusurwar allon, can ƙasa inda agogo yake.

"Malam, wagga kwamhuta taka har yanzu bara take?"

Na duba, haka ne. Ashe sabuwar burauzar da sabuntawar nan ta kawo ba ta yarda da kwanan watan ƙarya, da ta ga bai dace da na shafi ba sai ta tsaya cak. Na gyara. Shafuka suka rinƙa zubowa kamar an buɗe famfo. Na neman aikin ma ya fito tsaf, da jan rubutu a samansa cewa an rufe. Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu.

Na so ta yi faɗa, wallahi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta tattara takardunta, ta daidaita bakinsu a gwiwa, ta mayar akwati, ta tafi alwala. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da shekara ta zagayo aka sake buɗe neman aikin, ban ma sani ba. Sai wata safiya na ga takardar kama aiki a kan matashina. A wayarta ta cike, cikin ɗakin nan, ina zaune a ƙofar gida ina gyara wa mutane wayoyi.