Baba Akawu Ya Kasa Faɗuwa

Kafin ya zo kamfaninmu, Baba Akawu ya yi shekara ashirin da bakwai yana buga tafireta a wani ofishi mai dogon baranda, inda mutane ke bin layi da takardunsu a hannu. Yakan ce a zamaninsa ba ya kallon maɓallai, yana buga wasiƙa yana hira da mai ita, kuma ko ɗigo ba ya kuskurewa. Da kwamfuta ta shigo aka kwashe tafiretocin aka jibge a sito, shi kuma aka miƙa masa takardar godiya. Ya taɓa sayar da biro da ambulan a bakin titi, ya taɓa tsaron shagon wani surukinsa har suka ɓata, daga ƙarshe ya faɗo wajenmu a matsayin masinja. Shi ke buɗe ofis da sassafe, ya share, ya goge tebura, ya dafa ruwan shayi, ya kai takarda inda aka aike shi. Matarsa na fama da ciwon ƙafa, autarsa na makaranta, kuma wannan aikin ne kaɗai ke riƙe da gidan.

Mu kuwa gem muke ƙerawa, wato wasan bidiyo, irin wanda ake bugawa a talabijin da rimot mai maɓallai. Mu tara ne, a ɗakuna uku a saman wani kantin tayil ɗin daɓen ƙasa. Gem ɗinmu na wata kaza ne da 'yan tsakinta bakwai: ka bi da su ta lungu, ku tsallake kwata, ku kauce wa shaho, ku isa akurki. Oga, mai kamfanin, ya rantse sai an rubuta a jikin kwalin cewa kowa zai iya bugawa, daga jika har kaka. Kamfanin da zai sayar mana da shi ya ce ba ya sayen rantsuwa, a nuna masa a aikace. Matsalar ita ce dukanmu da rimot a hannu muka girma, gem ɗin a wajenmu kamar shan ruwa yake. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

A wani taro Oga ya ce shi bai ga amfanin masinja ba, tunda yanzu komai ta waya ake aikawa, ƙarshen wata a sallami tsohon. Sai Dogo, babban mai tsara gem ɗin, ya yi hamma ya ce, "Oga, kafin ka sallame shi ba mu aronsa mana. Ina za mu samu wanda bai san komai ba kamarsa?"

Aka yi dariya, aka amince. Muddin yana nuna mana inda sabon shiga ke tuntuɓe, zai ci gaba da zama. Abin da ya cece shi ke nan, kuma babu wanda ya gaya masa.

Ba mantuwa ba ce, doka ce. A wannan sana'a ba a yi wa ɗan gwaji bayani. Ka zaunar da shi, ka ba shi rimot, ka ja bakinka ka tsuke, domin ranar da mai saye ya kai gem gida ba za ka bi shi ka zauna a bayansa ba. Ni aka ɗora wa aikin. In zauna a bayansa da littafi, in rubuta duk inda ya tsaya da duk inda ya faɗi, kyamara kuma na ɗaukar hannunsa da fuskarsa. Duk tambayar da ya yi amsata ɗaya ce: "Yi yadda ka ga dama, Baba."

Duk Alhamis ake gwajin. Ranar Alhamis ta farko ya shigo ya tsaya har sai da na ce ya zauna. Ya karɓi rimot da hannu biyu, ya juya shi, ya duba bayansa, yana neman haruffa. Da ya taɓa wani abu kazar ta tafi ta kifa kai a bango, ta yi minti huɗu tana tafiya ba ta zuwa ko'ina.

"Malama, ta maƙale," in ji shi.

"Yi yadda ka ga dama, Baba."

Da ƙyar ya kai ta bakin kwata. Idan zai yi tsalle sai ya ɗaga rimot ɗin sama, har yana ɗan miƙewa daga kujera, kazar kuwa ta zurma ciki tsundum. Sau talatin da ɗaya ya faɗa a wannan kwata. Duk lokacin da shaho ya sure ɗan tsako sai ya ce, "Allah sarki, laifina ne." Bangon da ya raba mu da ɗakin su Dogo katako ne, kuma suna kallon komai a kwamfuta. Dariyarsu na shigowa sarai. Na ga gumi na bin bayan kunnensa, na ga ya daina ɗaga kai. Ni ma cizon biro nake don kada tawa ta kuɓuce.

Kafin a tashi Dogo ya yanko wurin tsallen daga bidiyon da kyamara ta ɗauka, ya sa masa kiɗa, ya tura wa kowa. Washegari duk teburin da Baba ya kai wa shayi akwai wayar da ke kukan kaza. Suka sauya masa suna zuwa Baba Kwata. Yana ajiye kofi za a ce, "A hankali Baba, akwai kwata a gabanka." Shi kuma ya yi murmushi ya ce na gode.

Amma gwajin ya yi amfani, wannan gaskiya ce. A rana ɗaya ya nuna mana abin da muka yi wata takwas ba mu gani ba: babu inda gem ɗin ya faɗa wa mutum wane maɓalli ne na tsalle.

Mako na biyu ya tare ni a matakala, ya rage murya.

"'Yata, don Allah in tambaye ki. Na ji ƙishin-ƙishin an so a sallame ni. Jarrabawar nan da ake mini, nawa ake so mutum ya ci?"

A duniyar da ya fito, idan aka zaunar da kai gaban na'ura wani na bayanka da littafi, to gwajin aiki ne. Wanda ya ci ya zauna, wanda ya faɗi ya kama gabansa. Jimla ɗaya ta ishe ni in warware masa: Baba, faɗuwarka muke so. Ban faɗa ba. Na gaya wa kaina doka ce ta hana ni. Amma akwai wani dalilin, kuma zan faɗe shi ko da ba daɗin ji: Alhamis ita ce ranar da ta fi kowace daɗi a ofis ɗin nan, ba na so ta lalace.

Na ce, "Ka dai ci gaba da ƙoƙari, Baba."

Ya ce, "In sha Allahu ba zan ba ki kunya ba."

Daga nan lissafin littafina ya fara sauka. Talatin da ɗaya ta koma sha tara, sha tara ta koma takwas. Dogo ya ɗan matsar da kwata, ya sauya launin wata kibiya, ya shiga yawo yana cewa ya gano bakin zaren. Oga ya fara karanta rahotona a taro yana kiran sunana. Da suka ga tsoho na wucewa sumul, Dogo ya ce to ai yanzu ya yi sauƙi da yawa, ya ƙara shaho na biyu, ya faɗaɗa kwata ta uku. Kallon kitse muke yi wa rogo.

A mako na biyar na fito da wuri don in kauce wa cunkoso. Ƙarfe shida da 'yan mintuna na hau sama na tarar an riga an share ko'ina, tebura na ƙyalli, ɗakin gwaji kuma na fitar da kiɗan kaza ƙasa-ƙasa. Na leƙa. Baba ne zaune, bayansa a miƙe, gwiwoyin hannunsa a jikin haƙarƙari kamar yadda ake koya wa masu tafireta. A cinyarsa akwai wani kwali da ya zana maɓallan rimot a kai, duk ya sha dauɗar yatsa. Da shi yake bita a gida da cikin mota, ya ce haka aka koya musu bugu tun kafin a bar su su taɓa na'ura.

Ya zabura ya kashe talabijin. "Rufa mini asiri, 'yata. Ban taɓa komai ba, kuma sai na gama shara nake zama."

Na tsaya da jakata a kafaɗa. Na san a take cewa duk rahotannina na wata guda shara ne, kuma yabon da nake sha guminsa ne. Idan na tona, ni ce wadda aka ba amanar gwaji ta kasa ganin abin da ke gaban hancinta. Sai na ce, "Ban ga komai ba, Baba." Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya ta kama ni, amma ba ta kai ta buɗe mini baki ba.

Ranar da mutanen kamfanin da zai sayar mana da gem ɗin suka zo, wata mata ce ta jagorance su, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta zo da mutanenta shida da ba su taɓa riƙe rimot ba, cikinsu akwai nas da direban tasi da wata malamar firamare. Aka zaunar da su ɗaya bayan ɗaya. Biyu ne kawai suka tsallake kwatar farko, su ma shaho ya kwashe musu 'yan tsaki kafin lungu na biyu. Direban ya ajiye rimot bayan minti biyar ya ce, "Wannan ai wahala ce, gara in koma cikin cunkoso."

Oga ya jiƙe da gumi. Ya ce a kira masinja. "Hajiya, ga dattijo nan, ya haura sittin, wata biyu da suka wuce bai san mene ne gem ba. Ki gani da idonki."

Baba ya shigo da riga mai karin guga da takalmi da ya sha shu. Ya san yau ce babbar jarrabawa. Ya gaida kowa, ya zauna, ya ɗauki rimot. Minti sha ɗaya ya yi. Bai faɗa kwata ko ɗaya ba, bai rasa ɗan tsako ko ɗaya ba, bai kalli hannunsa ba. A tsakiyar wurin shaho biyu, inda Dogo kansa ke faɗuwa wani lokaci, har ya juyo ya tambayi matar ko a ƙaro mata shayi. Da kaza ta shiga akurki ya ajiye rimot a hankali, ya miƙe, ya haɗa hannu a baya yana jiran sakamako.

Matar ta cire tabarau ta goge. "Wannan ne sabon shigan naku?" Ta yi 'yar dariya, ta tattara takardunta. "Idan kun gama wasa da hankalin mutane, kun san inda muke."

Ba su gama sauka ba Dogo ya buɗe ma'ajiyar na'urar. Komai na nan a rubuce: sa'o'i sittin da wani abu ana buga gem ɗin, kullum daga biyar da rabi na safe.

"Wa ya ce ka koya?" Oga ya daka masa tsawa. "Wa ya aike ka?"

"Ranka ya daɗe, na ga ina faɗuwa ne, shi ne na ce..."

"Faɗuwar muke so! Don ba ka iya ba muka ajiye ka! Kana tsammanin gwani muka rasa? Abu ɗaya tak kake da shi mai amfani a gidan nan, ka je ka lalata shi da hannunka."

Baba bai gane ba da farko. Na ga lokacin da maganar ta isa. Ya juyo ya dube ni. Oga ya bi idonsa ya ce, "Ke, kin san da wannan?"

Na ce, "Wallahi yanzu nake ji."

Baba ya ci gaba da kallona kaɗan, sannan ya sauke kai. Bai tona ni ba, kuma har yau na fi son a ce ya tona.

Ya durƙusa, mutumin da a shekaru ya isa haihuwar Oga. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Zan iya komawa yadda nake. A sake gwada ni, zan faɗi."

Oga ya ɗauki rimot ya cilla masa a cinya. "Bismillah. Faɗi mu gani."

Duk ofis ya taru a bakin ƙofa. Baba ya hau kujera, ya riƙe rimot a karkace yana kwaikwayon ranar farko, har da ɗaga shi sama. Kaza ta nufi kwata. Tana isa baki, babban yatsansa ya danna da kansa, ta tsallake tsaf. Aka fashe da dariya. Ya mayar da ita baya, ya sake tahowa, ta sake tsallakewa. Ya runtse ido, amma kunnensa ya haddace kiɗan, daidai inda ganga ke bugawa yatsan ya motsa. Sabo turken wawa. Dogo ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa, wani ya fito da waya yana ɗauka.

"Ku ɗan ƙara mini lokaci," in ji Baba.

Oga ya yi tsaki ya fita. Dariya ta ƙare, mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya, don abin ya daina daɗin kallo. Baba bai lura ba. Ya lanƙwasa babban yatsan cikin tafin hannunsa, ya danne shi da sauran yatsun har suka yi fari, ya tura kazar da ɗaya hannun. Ta isa baki, ta zurma. 'Yan tsakin bakwai suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ya juyo da sauri, fuskarsa ta washe, yana neman Oga. Ni kaɗai ce a ɗakin.

"Kin gani ko? Rubuta, 'yata. Na faɗi."

Na rubuta. Da yamma aka karɓi makullan ofis daga hannunsa.