Zirga da Mutumin Roba

Jikata ce, 'yar babban ɗana, kuma ni na laƙaba mata Zirga tun tana rarrafe, don ba a taɓa ajiye ta a wuri an dawo an tarar da ita ba. Da ta girma ta ce aikin jinya za ta koya. Ubanta ya so ta karanta abin da zai ba ta ofis da fanka. Na ce masa, "Kai, ka taɓa ganin yarinyar nan ta ɗumama kujera? Bar ta, ta samo aikin da ba a zama."

Makarantar tasu tsohuwa ce, a bayan babban asibiti. Da safe aji, da rana ɗakin majinyata. A can ta koyi juya mara lafiya a kan gado, da lalubo jijiya a hannun da ya kumbura, da kwashe amai ba tare da ta yatsine fuska ba. Manyan nas-nas suna ji da ita saboda sauri. Kafin a ce kawo, ta kawo.

Tana shekarar ƙarshe aka ce za a rufe makarantar a haɗe ta da jami'a. Ajinsu ne na ƙarshe. Wanda ya ci jarrabawa ya fita da takardarsa. Wanda ya faɗi kuwa babu ajin da zai maimaita, sai dai ya je jami'a ya fara daga tushe, in ma sun ɗauke shi. Daga nan kullum da sabon labari. Yau an kwashe littattafai, gobe an cire allon bakin ƙofa, jibi wani malami ya tattara ya tafi. Zirga ta koma cin abinci a tsaye, tana karatu tana zagaya tsakar gida har ni mai kallo jiri ya fara ɗibata.

Sai kuma aka sauya yadda ake jarrabawar aiki. Da can a kan majinyaci na gaske ake gwada su. Mutanen jami'a suka ce ba haka ake yi yanzu ba, suka kawo wani dogon mutum na roba mai baki a hangame, suka kwantar da shi a gado, har da lulluɓa masa zane.

Ranar gwajin share fage aka ce ta wanke masa ciwo ta ɗaure. Kafin malamar ta gyara zaman tabarau, Zirga ta gama. Malamar ta ce ta faɗi.

Ta shigo ɗakina tana huci.

"Kaka, wai ban gaishe shi ba!"

"Wa?"

"Robar! Wai ban faɗa masa ko ni wace ce ba, ban nemi izininsa ba, ban gaya masa zai ji zafi ba."

"To ke ma dai. Bawan Allah yana kwance ba lafiya, ki afka masa ba ko sannu? Haka muka rene ki?"

"Kaka, don Allah, ba wasa nake ba."

Na ga idonta ya ciko, sai na haɗiye sauran.

Abin da ke damunta shi ne, a asibiti mara lafiya ne ke fara buɗe baki. Ya yi nishi, ta ce sannu, magana ta ɗore. Wannan kuwa ko ƙifta ido ba ya yi. Da ta tsaya a kansa sai bakinta ya ɗaure, hannu kawai ke aiki.

Sai ta mai da ni roba.

"Kwanta ki yi shiru. Kar ki amsa komai."

"Ni? Kakanki ya yi ta roƙon wannan har ya koma ga Allah bai samu ba."

Na kwanta. Ta ce, "Sannu, yaya jiki?" da murya kamar mai karanta labarai. Na ce, "Da sauƙi, sai dai nas ɗin ce ba fara'a." Ta jefar da bandeji ta fice. Haka muka yi ta yi, ita tana fushi, ni bakina ya ƙi rufuwa, ranar jarrabawa kuma tana matsowa.

Ana gobe jarrabawa, da yamma, na ce bari dai in taimaki yarinyar nan. Na kwanta, na rufe ido, na saki jiki. Ta yi gaisuwarta ta katako. Shiru. Ta ɗaga hannuna, na bar shi ya faɗi yaraf. Sai na ji muryarta ta sauya.

"Kaka? Kaka, ni ce. Zan riƙe hannunki, kin ji? Nawa da sanyi, yi haƙuri. Zan ɗaga kanki kaɗan. Ina nan, ba inda za ni."

Yatsunta suna kan jijiyata, bakinta bai tsaya ba. Ta sunkuyo za ta saurari numfashina, bakin ɗankwalinta ya shiga hancina, na saki atishawa.

Matashin kai ta maka mini.

"Wallahi tsohuwar nan sai kin kashe ni!"

"Ke kika ce in yi shiru. Gobe ki yi wa saurayin naki na roba irin wannan lallashin."

Ba ta ƙara kula ni ba har gari ya waye. Duk da haka na bi ubanta muka raka ta. Babu ko benci a barandar makarantar, an loda su a mota tun jiya. Na zauna a kan wani kwali, shi kuma yana ta kai da kawo yana duba agogo, har na ce masa ya tsaya wuri ɗaya kafin ya goge musu siminti. 'Yan ajinsu suna fitowa, wata da dariya, wata ta rufe fuska da mayafi ta wuce. Tamu shiru. Na fara tunanin ko bakin ya sake ɗaurewa, sai na ji kwalin ya ishe ni, ni ma na miƙe.

Can ta fito tana share gumi.

"Yaya?" in ji ubanta.

"Na ci, Baba. Amma malamar ta ce saura ƙiris lokaci ya ƙare ina ba shi haƙuri."

Washegarin bikin yaye su aka sa wa makarantar kwaɗo. Zirga ba ta gani ba, tana can an ba ta aikin safe a ɗakin mata. Ni kuwa ta kafa mini doka: in na sake yin irin wancan shirun, allura za ta fara tsira mini kafin ta tambayi lafiyata.