Dattijon da Ke Neman Muguwar Iska

Jiya iska ta fizge mini hula a titin Grand Concourse, sai na tuna Yaya, dattijon da muka shekara goma muna kasa agoguna tebur kusa da tebur. Da furfurarsa yake shiga gasar kayit, jirgin ledar nan mai zare biyu. Ni da bokona ya tsaya a aji uku, ni na naɗa kaina mai ba shi shawara.

Ba ya fita gwaji sai ranar da iska ta haukace tsakanin benaye, yatsunsa sun ƙage, zaren yana kuka kamar sauro.

"Yaya, ka jira rana mai kyau mana."

"Ranar gasa shawarata iska za ta nema?"

Gasarsa ta ƙarshe a bakin teku aka yi ta. Ya ce, "Ƙanena, shiga fili ka ɗaga mini jirgin har in ja." Na ce ni magidanci ne, mutane na kallo. Ya jingine shi a yashi da kansa, iska ta kifar, lokacin da aka ba shi a gasar ya ƙare. Bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Allah ya sanyaya makwancinka, Yaya, ya sa ka yafe mini kafin in iso.