Ranar da Na Kira Sunan 'Yata

Shekarar da aka rufe makarantu saboda korona, tsakar gidana ya koma ofis. 'Yata malama ce a kwaleji nan Potiskum, kuma gidanmu yana da sola, sabis ma ya fi kamawa ƙarƙashin bishiyar mainarmu. Sai ita da abokan aikinta suka riƙa haɗuwa a wurina suna shawarar yadda za su koyar da ɗalibai ta waya. Ni dai aikina shimfiɗa tabarma da dafa shayi, sai in koma ƙofar ɗaki in zauna.

Babbansu wani Dakta ne mai yawan gyaran hula. Shi ya dage sai an yi darasi kai tsaye, kowa ya kunna kyamara a ga fuskarsa. 'Yata ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibaina na Danchuwa sai sun hau tudu suke samun sabis. Wasu kuma suna kasuwar shanu da iyayensu. Me zai hana mu yanka darasin guntu-guntu, mu tura da saƙon murya, kowa ya saurara lokacin da ya samu?"

Dakta ya yi dariya har da buga cinya. "Malama, kwaleji ce fa, ba gayyatar suna ba." Sauran suka taya shi. Wani ma ya ce a haɗa da guɗa a ƙarshe.

'Yata ta ci gaba da abinta, kuma a kaina take gwaji. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na iya haɗa baƙi. Ina tsinke zogale, ta kunna mini muryarta ta ce, "Mama, a ina kika ɓace?" In na nuna mata, ta goge ta sake. Wani darasin ta maimaita shi har muryarta ta dishe, na jiƙa mata kanumfari.

Nasu darasin kuwa, kullum ƙorafi suke kawowa: hoto ya daskare, ɗalibai sun watse, Dakta yana ta bayani shi kaɗai bai sani ba. Nata ɗaliban suna ta turo tambayoyi.

Wata la'asar suka zo, Dakta ya gyara hula ya ce gobe akwai taron malaman kwalejin gaba ɗaya, za a zaɓi wanda zai jagoranci koyarwa ta waya. "Zan gabatar da dabarar nan tawa ta saƙon murya," in ji shi. "Tun farko na ce abin da zai fi dacewa da yaranmu ke nan."

Tawa! A gidana, a kan tabarmata, bakinsa da shayina. Na dubi sauran, kowa ya sunkuya yana latsa waya. Na dubi 'yata, tana murza bakin mayafi.

Ita ce 'yar farina. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi. Ko faɗa ta yi da yara, ba na shigar mata. Amma ranar na ajiye faranti, na kira sunanta sak, na ce, "Dabarar tata ce. A nan kuka yi mata dariya, ina zaune."

Muryata ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Ita ma ta ɗago a firgice kamar ba sunanta ba ne.

Dakta ya ce, "Haba Hajiya, ai aikin kwaleji duk ɗaya ne."

Na ce, "To in ɗaya ne, Malam, gobe ta tashi ta faɗa da bakinta."

Ya ce za a duba.

Washegari ta tashi ta yi bayani, aka tafa mata. Jagorancin kuma aka ba Dakta, aka ce ita mataimakiya ce. Har yau ita ke zama da malamai tana nuna musu yadda ake yanka darasi, shi kuma yana zuwa buɗe taro ya gyara hula a ɗauki hoto. Ta ce ya wuce a wurinta. A wurina bai wuce ba.