Tarihin Mattin Urrutia, Wanda Ciyawa Ta Hana Komawa Gida

Haihuwarsa

An haifi Mattin Urrutia a shekarar 1941 a ƙauyen Aldude na ƙasar Baskawa. Mahaifinsa Ganix makiyayi ne, mahaifiyarsa kuwa Maddi. Karatunsa bai wuce aji uku ba tumaki suka ɗauke shi.

Aiki da Iyali

A 1960 ya ƙetare teku ya tafi kiwon kwangila a duwatsun Nevada, inda mutum kan yi wata biyu bai ji murya ba sai ta karensa. Ya auri Graxi a 1968, Allah ya ba su 'ya'ya biyu. A 1975 kaɗaici ya fi ƙarfinta, ta kwashe yaran ta koma gida, bisa alkawarin zai biyo su idan ya ajiye sanda.

Yarjejeniya

A 1999 gobara ta cinye kurmin fayin, itatuwa masu ƙwaya kamar gyaɗa, waɗanda Shoshonawa, 'yan asalin yankin, ke tsintar ƙwayarsu tun kaka da kakanni. A tokar sai baƙuwar ciyawa ta fito, wadda ake kira macuciya: ta riga kowa tsiro, ta sha ruwan, ta bushe da wuri, ta kira wata wutar. Mattin na haɗa kayan komawa gida sai wata tsohuwa daga cikin Shoshonawan, Leona Blackeye, ta tare shi.

“Tsoho, kawo tumakinka su cinye ta tun tana ɗanya, kafin ta yi iri. Ni da jikokina mu shuka fayin a inuwar ƙirare. Buhun ƙwaya na farko naka ne.”

“Yaushe zai haihu?”

“Shekara arba'in, in ya yi sauri.”

“Lallai ke 'yar kasuwa ce!” in ji shi. Amma ya ba ta hannu, don bazara ɗaya.

Ƙarshen Rayuwa

Macuciya ba a ba ta hutu; in aka tsallake bazara guda, sai iri ya zuba, aiki ya koma farko. Kowace shekara Mattin kan ce wa iyalinsa sai baɗi. Leona ta rasu a 2006, jikokinta suka watse birane. Graxi ta bi ta a 2011, bai halarci jana'izarta ba, domin lokacin ciyawar na shirin fidda kai. Daga nan ya daina maganar baɗi.

Rasuwarsa

Ya rasu a watan Afrilu na 2019 a cikin keken da yake kwana a ciki a wurin kiwo, sai da kare ya sauko gari shi kaɗai aka sani. An binne shi a maƙabartar garin Ely, mutum shida a bakin kabari. Ya bar 'ya'yansa biyu, Xalbat, malamin makaranta a birnin Baiona, da Maialen, ma'aikaciyar jinya, waɗanda ba su samu zuwa ba.

A lissafi, Leona ta samu kurmi ba ta biya ko ƙwaya ba. Itatuwan sun kai ƙugun mutum, wuta ba ta sake shiga ba. Graxi da 'ya'yanta su suka yi asara. Buhun Mattin yana nan a kan itace.